Rantsuwar Labaran Masassaƙi

In ka shiga Riruwai ta hanyar Doguwa, kafin ka kai tsoffin ramukan kuza, akwai wata tsamiya a hannun dama wadda sassaƙen itace ya rufe gindinta. Nan ne wurin aikin Malam Labaran Masassaƙi, shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa na dama ya yi nauyi, amma kada ka kuskura ka yi gulmarsa ta gefen hagu. Turmi yake sassaƙawa da taɓarya da akushi da kujerar tsuguno, in damina ta gabato kuma ya koma ƙotar fartanya. Da wuya ka shiga gida uku a jere tsakanin nan da Tudun Wada ba ka tarar da aikin hannunsa a tsakar gida ba.

Sai dai fa mutum ne mai wuyar sha'ani. Bai yarda da kowa a karon farko ba, a karo na biyu ma sai ya sake dubawa. In ka yaba turminsa, juya shi zai yi ya duba gindin, ko tsagewa ka hango kake masa ba'a. In baƙo ya tambaye shi sunan mahaifinsa, sai ya ajiye gizago ya ce, "Wa ya aiko ka?" Mutanen gari sun saba, suna cewa halinsa ne. Ba halinsa ba ne na haihuwa, akwai abin da ya mai da shi haka.

Mahaifinsa, Mudi, shi ma masassaƙi ne, a gindin wannan tsamiyar. Labaran yana da shekara tara, yana hannun kawunsa a Tudun Wada, sai wani Bature ɗan ƙasar Faransa mai suna Lusiyan ya biyo ta Damagaram ya sauka a gidajen kamfanin kuza. A ƙasarsu sana'arsa ita ce sassaƙa siffar mutane. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, da ya warke kuma bai tafi ba, ya yi wata huɗu kullum yana zaune kusa da Mudi. Daga baya ma suka koma aiki cikin wani shago na kamfanin, ƙofa a rufe. Ranar da zai tafi aka ga an ɗora wa mota wani dogon abu naɗe cikin buhu da tabarma. Babu wanda ya ga abin da ke ciki. A Riruwai kuwa abin da ba a gani ba shi aka fi bayar da labarinsa dalla-dalla.

Da Labaran ya dawo gida bayan shekara biyu, sai ya tarar an raɗa masa suna: ɗan mai gunki. Ya yi faɗa a kan sunan nan har sai da ya rasa haƙori ɗaya. Mudi bai taɓa cewa uffan ba. Ya ci gaba da aikinsa, daga baya ya zama ladanin masallacin unguwa, ya yi shekara ashirin da takwas yana kiran salla. Sau ɗaya tak Labaran ya yi ƙarfin halin tambayarsa, suna cikin rarake wani turmi, ya ce, "Baba, wai me kuka yi da Baturen nan a shago?" Mudi bai ɗago kai ba, ya ce, "Riƙe nan da kyau." Shi ke nan amsar.

Maganar ta sake tasowa lokacin da Labaran ya nemi auren Suwaiba. Mahaifinta, Malam Uzairu, mutum ne mai tsanani a kan addini, bai yarda da aike ba, ya ce a zo masa da yaron da ubansa. A zaurensa, gaban dattawa huɗu, ya dubi Mudi ya ce, "Malam Mudi, ina jin wata magana tun da daɗewa, kuma ba zan ba da 'yata a kan jita-jita ba. Ka taɓa sassaƙa wa Bature abu mai siffar ɗan Adam?" Kafin Mudi ya buɗe baki, Labaran, da zafin kai irin na saurayi, ya yi caraf ya ce, "Wallahi tallahi hannun mahaifina bai taɓa sassaƙa abu mai rai ba." Dattawa suka yi masa faɗan shiga maganar manya, amma rantsuwar ta zauna. Mudi yana kallon tabarma, bai ƙara ba, bai rage ba. Aka ba Labaran mata.

A kan rantsuwar nan ya gina rayuwarsa. Suka haifi 'ya'ya bakwai da Suwaiba, biyar suka rayu. Mudi ya rasu, aka cika maƙabarta. Injin niƙa ya shigo ya rage wa turmi kasuwa, itacen ƙirya ya yi wuyar samu, sai an yi tafiyar yini kafin a ga mai kaurin da zai yi turmi, 'ya'yansa maza duk suka guje wa sana'ar, ɗaya direba, ɗaya yana ramin ma'adinai. Labaran bai motsa daga gindin tsamiya ba. Sunan ɗan mai gunki ya mutu tare da waɗanda suka raɗa shi, sai 'yan tsofaffi ƙalilan da ke tunawa, su ma ba sa faɗa a gabansa. Ya ɗauka maganar ta binnu.

Sai ga wata farar mota a kakar shekarar da ta wuce, ana tsakar yankan dawa. Mutum uku ne a ciki: wani matashi daga Kano mai suna Zailani, wanda ke yin tafinta, da mai ɗaukar hoto da bai cika magana ba, da wata Baturiya mai furfura, Madam Odil. Sun fara zuwa wurin dagaci da takardarsu, dagaci ya haɗa su da mai unguwa ya rako su. Zailani ya durƙusa ya gaishe da Labaran yadda ya kamata, ya tambayi gida da iyali da aiki, sannan ya ce, "Baba, wannan baiwar Allah jikar Lusiyan ce, Baturen da ya zauna da marigayi mahaifinka. Kakanta ya yi suna a ƙasarsu. Fim take haɗawa na tarihin rayuwarsa da aikinsa, shi ne ta biyo duk inda ya taka."

Labaran ya ajiye gizago. Ya ce, "To, ya taka nan. Ga ƙasar, ku ɗauki hotonta."

Zailani ya yi dariya, shi kaɗai. Ya ce so suke su ɗauke shi yana aiki, ya ba su labarin mahaifinsa. Labaran ya ce zai yi shawara. Yana magana idonsa na kan motar, domin ya lura da wani akwati na baƙin ƙarfe a kujerar baya, wanda aka ɗaure da bel kamar mutum. An sauke kyamara, an sauke jakunkuna, shi akwatin ba a taɓa shi ba, kuma duk lokacin da yara suka matsa kusa da gilashin sai Baturiyar ta waiga.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci. Masu shayi suka ce fim ɗin fakewa ce, akwatin na'urar gano ma'adinai ce, kakan ya bar taswira. Wasu suka ce ƙasusuwan kakan ne ta kawo ta binne. Labaran bai yarda da ko ɗaya ba, domin shi tsoronsa ya fi nasu kusa da gida. Suwaiba tana zuba masa tuwo ta ce, "Malam, ka sallame su mana, tun da ranka bai kwanta ba."

Ya ce, "In na kore su, gari zai ce akwai abin da nake ɓoyewa."

"In ka bar su fa?"

"Sai in ga abin da su suke ɓoyewa."

Washegari ya bari suka kafa kyamara. Ya ɗauko guntun ƙirya ya nuna musu yadda ake fitar da ƙugun turmi, yadda ake rarake cikin a hankali, yadda ake shafe shi da man kaɗe a ajiye a inuwa don kada ya tsage. Madam Odil ta tsuguna tana kallon hannunsa, ba fuskarsa ba, hakan ma bai yi masa daɗi ba. Tambayoyin Zailani kuwa kewaye suke yi, su tafi can su dawo wuri ɗaya. Wa ya koya wa marigayi? Yana gama aiki da wuƙa ne ko da gizago kaɗai? Yana goge itace ya yi sumul ko yana barin sawun wuƙa? Can sai Baturiyar ta raɗa wa Zailani wani abu, ya ce, "Baba, marigayi da wane hannu yake riƙe gizago?"

Labaran ya dube shi tsaf ya ce, "Da hannunsa."

Daga nan ya tattara kayan aikinsa ya ce ya gaji. Mutumin da ya zo neman labarin kakansa, me ya haɗa shi da hannun uban wani? Sun san wani abu, wannan ba ya tantama. Kuma sun zaɓi su riƙe shi, su zuba masa tambaya kaɗan-kaɗan har ya faɗa da bakinsa gaban kyamara. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ladabin Zailani. Yaron bai yi kama da maƙaryaci ba, amma duk sanda aka zo kan maganar hannu sai ya kau da ido.

A rana ta uku, da hantsi, Labaran ya tare su tun kafin su sauke kaya. Ya ce, "Zailani, gaya mata ni ba yaro ba ne. Ba zan ƙara cewa komai ba sai an buɗe akwatin nan. Kuma ba a nan ba, a zaurena, ba mai unguwa, ba 'yan kallo."

Zailani da Baturiyar suka yi magana da harshenta. Fuskarta ta yi ja, sannan ta gyaɗa kai. Zailani ya ce, "Ta yarda, Baba. Dama yau ta yi niyyar nuna maka. Amma tana roƙon a bar kyamara a kunne."

"Na sani," in ji Labaran. "Ai don ita kuka ja ni kwana biyu."

A zauren suka fara buɗe masa kwamfuta. Ya ga wani ɗaki fari tas, mutane suna zagaya wani abu a tsakiya suna magana ƙasa-ƙasa. Mace ce ta itace, tsawon mutum, ɗaure da zane a ƙirji, tana daka. Ya ce a'uzubillahi a ransa, amma bai kau da kai ba. Turmin da ke gabanta tun daga nesa ya gane shi, ƙugunsa da bakinsa irin na gidansu ne, wannan bai dame shi ba, turmi ba shi da rai. Fuskar matar da kafaɗunta an goge su sun yi sumul, aikin wani ne daban, wanda bai san ƙirya ba, yana yaƙi da ita. Ya fara jin numfashinsa na dawowa.

Sannan Madam Odil ta buɗe akwatin. Cikin soso aka kwantar da hannaye biyu, daga wuyan hannu zuwa yatsu, da guntun taɓarya a tsakaninsu. Zailani ya yi bayani cewa ba na ainihin ba ne, kwafi ne da aka zuba a kan na ainihin, amma duk wani sawu da ke jikin itacen ya fito. Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe bai karɓa ba, daga baya ya karɓa.

Masassaƙi da yatsa yake karatu. Labaran ya bi bayan hannun da babban yatsansa, ya ji ba a goge shi ba, an bar sawun wuƙa ƙanana a jere kamar ɓawon kifi. Kowane sawu ya faro daga hagu ya gangara dama. Mudi bahago ne. An hana shi cin abinci da hagu tun yana ƙarami, amma ba a iya hana shi riƙe wuƙa ba, kuma duk akushin da ya bari a duniya haka sawunsa yake kwance. Ba wannan kaɗai ba. Yatsun matar ba su damƙe taɓaryar ba, a ɗan buɗe suke, daidai lokacin da mace ta cilla taɓarya sama ta tafa ta dawo za ta cafe. Wanda ya zauna wata huɗu ba zai san wannan ba. Sai wanda ya girma yana jin lugude a bayan ɗakin uwarsa.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, bai ji ƙyama ba. Tun da yake bai taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba. Ya san hannun ubansa a turmi da akushi shekara da shekaru, ashe bai ga rabin abin da hannun ya iya ba. Alfahari ya taso masa ya haɗu da kunya.

Madam Odil ta fito da wani tsohon littafi ta karanta, Zailani yana fassarawa. Kakanta ya rubuta cewa sau uku yana gwada hannayen a kan wani itace yana ɓatawa, har ya yi niyyar ƙona aikin duka. Sai Mudi ya karɓi wuƙar, ya yi kwana shida a kai, bai bar shi ya taɓa ba. Da ya gama ya wanke hannunsa, ya ce kada ya gaya wa kowa.

"Ta ce kakanta ya cika alkawari har ya mutu," in ji Zailani. "Amma shekara sittin mutane suna yabon hannayen nan da sunansa, alhali ba aikinsa ba ne. Wannan ya hana ta sukuni. So take a gyara. Za a rubuta sunan marigayi a jikin bangon ɗakin nan da ka gani, kusa da na kakanta, a faɗa a fim ɗin duniya ta ji. Shaidarka kawai ake jira, Baba. Ka gane hannun?"

Baturiyar tana murmushi, idonta ya kawo ruwa. Labaran ya dube ta, sai a lokacin ya fahimci ba mugunta ta kawo ta ba. Kyauta ta ɗauko tun daga ƙasarsu, ta ɗaure ta da bel, ta ɓoye don ta ga farin cikinsa a kyamara. Da ma'adinai suka zo nema da ya fi masa sauƙi.

Ya ce, "Turmin aikin gidanmu ne."

"Hannayen fa, Baba?"

"Kashe abin nan."

Mai ɗaukar hoto ya dubi Madam Odil, ta ɗaga masa hannu, ya kashe. Labaran ya mayar da hannayen cikin soso da kansa, ya gyara musu kwanciya. Ya ce, "Zailani, kai ɗan Musulmi ne, ka san abin da take nema a wurina, ko da ita ba ta sani ba. Mutumin nan shekara ashirin da takwas yana kiran salla a garin nan. Ya roƙi abu ɗaya, kakanta ya riƙe masa. Gaya mata ita ma ta riƙe."

Zailani ya sunkuyar da kai ya fassara. Ta yi magana mai tsawo, tana nuna akwatin, tana nuna ƙirjinta. Zailani ya ce, "Ta ce wannan zalunci ne a kansa. Ta ce babban gwani ne, bai kamata ya ɓace ba suna ba."

"Yana da suna. Ladan Mudi. Shi ya zaɓa."

"To me za a rubuta?"

"Abin da aka rubuta da."

Ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Amma ta rufe littafin, ta ce ba za ta sa abin da bai yarda ba. Labaran bai san ko za ta cika ba, har yau bai sani ba, duk sanda wani ya zo masa da waya yana cewa ga wani bidiyo sai gabansa ya faɗi. Da suka fito, mai unguwa da masu shayi suna tsaye a ƙofar gida kamar masu jiran a fito da gawa. Aka ce, "Malam Labaran, me ke cikin akwatin?" Ya ce, "Kayan aikinsu." Motar ta tashi bayan azahar.

Ranar bai koma gindin tsamiya ba. Ya zauna a zaure yana ta juya abu ɗaya. Ba sassaƙar ce ta tsaya masa ba, wannan tsakanin Mudi ne da Ubangijinsa, kuma ya ga yadda mutumin ya ƙarasa rayuwarsa. Zauren Malam Uzairu ne ya tsaya masa. Da ya yi haƙuri ya bar ubansa ya amsa, me zai ce? Wataƙila gaskiya zai faɗa, a hana auren. Shi ya toshe masa baki da sunan Allah, ya bar shi da zaɓi biyu: ya ƙaryata ɗansa gaban dattawa, ko ya ɗauki rantsuwar ya ƙara a kan kayansa. Ya ɗauka, ya yi shekaru yana kallon jikokin da aka samu a kanta.

Da ya je wurin liman da an ce masa wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani da shi gaskiya ne babu kaffara a kansa. Amma zuwa wurin liman sai da bayani, ciyar da miskinai goma kuma a Riruwai sai an tambayi dalili. Washegari ya tashi da azumi, ranar Talata, ba Litinin ba, ba Alhamis ba.

Suwaiba ta kawo masa koko da safe ya ce yana azumi. Ta tsaya da kwanon a hannu tana dubansa. Ita ma tana bayan ƙofa ranar da aka yi rantsuwar, tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta ji kowace kalma. Ba ta tambaye shi abin da ke cikin akwatin ba.

Ta ce, "Kwana uku za ka yi, Malam?"

Ya ce, "Uku."

Ta juya da kwanon. Da ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waigo ba, ta ce, "Allah ya jiƙan Baba." Sannan ta shiga ciki ta jiƙa geron kunun buɗa baki.